Kafin a kai ta alaimen: abin da jan sitiyari ke faɗa game da motar da aka saya

A cikin gari ba a cika gane matsalar ba. Cunkoso, ramuka da 'yan adaidaita sahu ba sa barin mota ta yi tafiyar mita ɗari biyu a miƙe, don haka wanda ya sayi mota ta hannu yakan yi mako guda yana murna, 'yan uwa suna yi masa fatan alheri. Sai ranar da ya hau babban titi, a ce daga Kano zuwa Zariya, allurar gudu ta kai 100, sannan ya lura hannunsa ɗaya ya gaji fiye da ɗaya. Da ya sassauta riƙo, sai motar ta fara sulalewa gefe kamar dokin da ya hango gida. Idan ya kira dillalin da ya haɗa cinikin, amsar kusan ɗaya ce a ko'ina: "Alhaji, ai wannan ba komai ba ne. Alaimen ne kawai, a kai ta a saita ƙafa."

Wani lokacin dillalin gaskiya ya faɗa. Amma gaggauta bin shawararsa kuskure ne. Jan sitiyari a motar da aka saya kwanan nan shi ne shaida ta farko da motar ke bayarwa game da rayuwar da ta yi kafin ta zo hannun mai ita na yanzu. Wanda ya garzaya wurin saitin ƙafa kafin ya saurari wannan shaida yana iya biyan kuɗi a toshe bakin mai shaidar, aibin kuma yana nan inda yake. Bincike mai kyau yana da tsari: a fara da abin da ba ya cin ko sisi, a ƙare da abin da ke buƙatar inji.

Tarihin da ba ya cikin takarda

Yawancin motocin da ke tituna a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi sun yi wata rayuwa a wata ƙasa. Sunayen da ake kiransu da su ma sun nuna haka: tokumbo, 'yar Beljiyam, 'yar Kwatano. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun daga 1 ga Janairu 2017, amma sunan Kwatano bai bar bakin mutane ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari, bayan sun lissafa cewa kuɗin gyara a can ya kusa kai darajar motar ko ya zarce ta. A nan gida aikin hannu ba shi da tsada haka, saboda haka sana'ar tana da riba, kuma ba laifi ba ce a kanta. Masu bugun bodi da masu fenti na ƙasar nan suna da gwanintar da za su mayar da motar da ta murƙushe ta koma kamar ba a taɓa hawa ba.

Sai dai fenti yana gyara abin da ido ke gani ne. Ƙarfen da ke riƙe da taya, wanda ya lanƙwashe da milimita biyar ko goma, ido ba ya kama shi, kuma ba ya cikin takardun kwastan. Titi ne kaɗai ke tona shi. Haka motar da aka yi amfani da ita a gida: ta yi shekaru tana faɗawa ramuka, an sa mata tayoyi huɗu daga kamfanoni uku, an canja mata hannun ƙafa ɗaya an bar ɗaya. Duk wannan tarihi yana taruwa ya fito ta hanya guda, wato tafin hannun direba.

Abin ya wuce gajiyar hannu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya kai idonsa kan waya na daƙiƙa uku ya yi tafiyar sama da mita 80 ba ya kallon hanya. Motar da ke tafiya a miƙe za ta iya yafe masa wannan sakaci. Wadda ke ja hagu a titi mai hannu biyu za ta kai shi gaban tirela.

Ja iri-iri ne

Matakin farko shi ne lura, kuma a nan mafi yawan mutane ke yin garaje. Kalmar "tana ja" tana rufe matsaloli daban-daban waɗanda maganinsu bai haɗu ba.

Akwai motar da ke tafiya a miƙe sarai, amma sitiyarinta a karkace yake, tambarin da ke tsakiyarsa yana kallon gefe. Wannan karkacewar sitiyari ce kawai, kuma ita ce ainihin abin da saitin ƙafa ke warkarwa cikin sauƙi. Akwai wadda ke ja kullum, da gudu ko a hankali. Akwai wadda ba ta ja sai an taka birki. Akwai wadda ke fizgewa gefe idan an taka totur da ƙarfi, ta dawo daidai idan an ɗaga ƙafa. Wannan ɗabi'a ce da ake samu kaɗan a motoci masu jan gaba, amma idan ta yi yawa to roba ta mutu a hannun ƙafa ko a mazaunin inji. Akwai kuma wadda ke bin ɓangaren da aka karya kwana ta ƙarshe: an juya dama, ta ci gaba da neman dama, an juya hagu, ta koma neman hagu. Wannan alama ce ta wani abu da ya cije a mahaɗar da ƙafa ke juyawa a kai, bol-joyin ko bodin da ke saman shokobzoba, har sitiyari ba ya iya komawa tsakiya da kansa.

Sannan akwai titin kansa. Ana gina kwalta da ɗan tudu a tsakiya, gangaren kusan kashi 2 cikin ɗari, domin ruwan sama ya zurare gefe. Tun 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar maƙwabtanta, wannan gangare yana jan kowace mota zuwa dama a hankali. Motar da ke sulalewa dama sannu a hankali bayan an sake ta na daƙiƙoƙi da yawa, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Amma wadda ke ja hagu a irin wannan titi tudu take hawa, kuma babu mota mai lafiya da ke yin haka da kanta. Gwajin da ya fi inganci shi ne a nemi shimfiɗaɗɗen wuri marar cunkoso, a ranar da iska ba ta kaɗawa da ƙarfi, a sauke kayan da ke but, a bi wurin zuwa da dawowa, hannu yana kusa da sitiyari ba a janye shi nesa ba.

Iska da taya

Bayan lura sai geji. Tayar gaba da iskarta ta gaza ta 'yar uwarta tana ƙara kwanciya a ƙasa, tana ƙara turjiya, sai motar ta karkata wajenta. Bambancin da bai fi awo huɗu ko biyar ba ya isa a ji shi a hannu. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke liƙe a jikin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, amma masu faci da yawa ita suke bi, wasu kuma da bugun ƙarfe suke aunawa. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma da geji ɗaya a duka huɗun, domin gejin wannan mai faci da na wancan ba lallai su yi daidai ba.

Daga nan a tsuguna a karanta tayoyin. Girmansu ɗaya ne? Lambobi irin su 205/55 R16 dole su zama iri ɗaya a hagu da dama. Kamfaninsu ɗaya ne, zanensu ɗaya ne, cinyewarsu ɗaya ce? A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin abubuwan da kwastan ta haramta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kansu, amma kasuwa cike take da su. Mai sayar da mota da ke son ta yi kyan gani yakan nemo duk tayar da ke da sauran zane ya ɗaura, ko da ba ta dace da ta ɗaya gefen ba.

Ko tayoyi biyu sun yi kama a ido, ɗaya na iya zama da aibi a ciki. Idan wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin roba ba su zauna a tsakiya ba, ko sun goce saboda duka, tayar takan koma kamar kofin shayi da aka kwantar a ƙasa: duk yadda aka gangara shi, kewayawa zai yi wajen siririn ɓangarensa. Babu injin alaimen da ke ganin wannan, domin injin kusurwar ƙafa yake aunawa. Gwajin da ke tona shi ba ya buƙatar komai sai jak da sifana: a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, a sake bin wancan titin. Idan jan ya sauya ɓangare, ko ya ɓace, taya ce mai laifi. Idan bai motsa ba, an wanke tayoyin gaba daga zargi. Tayar da ke da kibiya a jikinta an yi ta ne ta juya ta fuska ɗaya, don haka bayan ɗan gajeren gwajin sai a mayar da ita wurinta.

Wannan gwaji na minti talatin ya fi kowane mataki daraja, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Dalilin a fili yake: babu mai samun kuɗin kirki a kansa.

Birki

Birkin da ya cije yana jan mota wajensa ko ba a taka shi ba. Fistan ɗin kalifa ko sandunan da take zamewa a kai sukan yi tsatsa, musamman a motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko wadda ta yi watanni a ajiye a filin gwanjo da tashar jirgin ruwa. Tiyon man birki ma yakan ruɓe ta ciki, ya bar mai ya shiga ya hana shi komawa. Ana gane wannan bayan tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba: a tsaya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi, ko take warin ƙuna, ita ce. Idan an ɗaga motar an juya tayar da hannu, za a ji tana turjewa.

Jan da ba ya zuwa sai an taka birki yana da wata hikima da ke ruɗa mutane. Motar tana tafiya ne wajen birkin da ke aiki, saboda haka idan ta fizga dama, sau da yawa na hagu ne ya mutu. Wannan matsala ba ta jiran ƙarshen wata, domin ranar da aka fi buƙatar birki ita ce ranar da zai juya motar.

Abin da injin alaimen ke iyawa

Sai an wanke iska, taya da birki, an kuma ɗaga mota an girgiza ƙafafu an tabbatar tayrod, bol-joyin da bushin ba su yi lako-lako ba, sannan lokacin inji ya yi. Saita ƙafar da ke rawa aikin banza ne, domin ramin farko zai rushe saitin.

Injin yana auna kusurwa uku. Ta farko ita ce inda tayoyin gaba suka fuskanta idan an hango su daga sama, ko sun tsuke baki ko sun buɗe; masu gyara suna kiranta to. Ta biyu ita ce kamba, wato yadda saman taya ya jingina ciki ko waje idan an tsaya a gaban mota. Ta uku ita ce kasta, wato yadda layin da ƙafa ke juyawa a kai ya kwanta baya, irin kwanciyar cokalin gaban keke, wanda shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya bayan kwana.

Ga abin da ba a cika gaya wa mai mota ba. Kuskuren kusurwa ta farko a gaba yana cinye taya, yana karkatar da sitiyari, amma ba ya jan mota, domin da zarar an fara tafiya tayoyin biyu sukan raba kuskuren a tsakaninsu. Masu jan mota su ne bambancin kamba da bambancin kasta tsakanin hagu da dama. Mota tana bin ɓangaren da saman tayarsa ya fi jinginawa waje, tana kuma bin ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Bambancin da ya haura rabin digiri yakan fara bayyana a hannu. A yawancin ƙananan motocin zamani kuwa, kamfani bai bar wurin saita kasta ba sam, kamba ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ake iya murɗawa kai tsaye shi ne tayrod, wato kusurwar da ba ta da hannu a jan. Shi ya sa mutum zai biya kuɗi, a ba shi mota sitiyarinta ya miƙe, ya hau titi ya tarar tana nan tana ja. An bar jaki an doki taiki.

Idan kusurwar da ba a saitawa ta goce, ma'anarta guda ce: wani ƙarfe ya lanƙwashe, ko ya gusa, ko roba ta mutu. Duka daga gaba, ko na haɗari ne ko na bakin kwalbati, yana tura taya baya, wannan kuma yana rage kastar wannan ɓangare, sai motar ta riƙa ja zuwa gefen da aka doke ta. Ana iya ganin alamar ko ba inji: a miƙe sitiyari a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna da tef daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe, ko a gwada yatsu nawa ke shiga tsakanin taya da bodi ta bayanta. Idan gefe ɗaya ya ɗauki yatsu huɗu, ɗayan biyu, motar ta faɗi abin da takarda ta ɓoye. A buɗe bonet a duba kan shokobzoba da dogayen ƙarafan da ke ɗauke da inji: sabon fenti a wuri ɗaya, tabon walda, ko notin da aka taɓa kwancewa duk shaida ne. Ƙafar baya ma tana da hannu, domin idan ta goce motar takan yi tafiya a karkace kamar kaguwa, wanda ke biye da ita a baya shi zai fi gani.

Saboda haka abin da ya kamata a saya a wurin alaimen da farko shi ne awo. A nemi lambobin ƙafafu huɗu kafin a taɓa noti ko ɗaya, a buga su a takarda ko a ɗauki hoton allon da waya. Waɗannan lambobi, tare da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da za a iya bincika a intanet a ga ko motar ta taɓa shiga gwanjo, su ne hujjar mai saye.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu cewa a kai ta alaimen kawai suna da abin faɗa. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Motar da ta sha ɗauri a jirgin ruwa da kan tirela, ta kuma bi titunan nan, tana buƙatarsa ko ba ta ja. Dillalai da yawa ba su san tarihin motar ba su ma, a hoto suka gan ta, sayen kifi a ruwa suka yi kafin su sayar. Kuma wanda ya sayi motar da ta shekara goma sha biyar bai kamata ya sa ran ta yi tafiya kamar sabuwa ba.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai cewa kada a saita ƙafa. Maganar a kan jeri take. Idan matsalar iska ce, alaimen asara ce. Idan taya ce, bakaniken da ke son faranta wa mai mota zai iya karkatar da kamba da gangan don ta yaƙi jan tayar. Motar ta miƙe na ɗan lokaci, ranar da aka sa sababbin tayoyi kuma ta fara ja ɗaya gefen tana cinye su. Idan ƙarfe ne ya lanƙwashe, wasu sukan faɗaɗa ramin noti ko su rage iskar taya ɗaya don su ɓoye jan, abin da ke mayar da aibin da ake ji ya koma aibin da ba a ji har sai ya yi ɓarna. Hannun ƙafa ko shokobzoba da ya lanƙwashe ana canja shi da kuɗi daidai gwargwado, motar ta dawo lafiya. Shasin da ya murɗe kuwa wani lissafi ne dabam, wanda ya taɓa darajar motar gaba ɗaya da yadda za ta kare mutanen cikinta idan aka sake yin karo.

Akwai kuma batun lokaci. Fiƙihun ciniki da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da ba a bayyana masa ba, amma malaman Malikiyya suna ɗaukar ci gaba da amfani da kayan bayan ganin aibin a matsayin yarda. Al'adar kasuwa ma haka take tafiya. A mako na farko, dillali yana ɗaukar waya, shugabannin kasuwa suna iya zama a sasanta, a rage kuɗi ko a canja mota. Bayan wata uku da gyare-gyare huɗu, amsar ita ce rami ya faɗa da ita, kuma ba mai iya ƙaryata hakan, domin bakanike ya riga ya murɗe duk abin da zai nuna yadda motar ta zo.

Wanda ya auna iska da safe, ya musanya tayoyi da hantsi, ya duba zafin birki da rana, ya karɓi takardar awo kafin la'asar, ya kashe yini ɗaya da ɗan abin da ya ba mai faci da mai inji. Sau da yawa zai tarar taya ɗaya ce, ya canja ta ya huta. Idan kuma abin ya fi haka, zai koma wurin dillali da lambobi a hannu, tun cinikin bai huce ba.